Gwajin dibaga tsakanin GCC da Clang: a bi suna, a auna hali, ko a daskarar da fayil?

A tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da fankar kwamfuta ke kuka kamar injin niƙa, wani ƙanena a sana'a ya same ni a fada bayan la'asar. Ko shayi bai karɓa ba ya buɗe kwamfutarsa ya juyo mini da ita, allon ya yi jajir. Mu ƴan kaɗan ne a nan Maraɗi muke kula da wani ƙaramin dibaga na koyar da harshen C, wato manhajar da ke tsayar da shiri yana cikin gudu, ta bi shi layi-layi, ta nuna abin da ke cikinsa. Muna da tarin gwaje-gwaje da muke gudanarwa duk lokacin da aka taɓa wani abu. Ranar ce ya fara gwada su da Clang 14, wanda ya zo da Ubuntu 22.04, maimakon GCC 11 da muka saba. Duka biyun kompaila ne, wato manhajar da ke mayar da rubutun C shirin da kwamfuta za ta iya gudanarwa.

Ya ce, "Yaya, da GCC komai lafiya lau, da Clang ne kawai suke faɗuwa. In sa musu alama cewa laifin Clang ne, mu wuce?"

Na ce masa, "Dakata tukuna, ƙane. Mu ware su ɗaya bayan ɗaya."

Mun kai bayan isha'i muna warewa, kuma abin da muka gani shi ya sa nake wannan rubutu, domin duk mai kula da irin wannan tarin gwaji sai ya tsaya a mararrabar nan.

Dibaga ba ya ganin rubutun C da idonsa. Abin da yake karantawa bayanai ne da kompaila ya ajiye masa a cikin fayil ɗin da aka gina, a wani tsari mai suna DWARF. Mu da muka yi karatu da Faransanci kompilatar muka fi cewa, ƴan'uwanmu na Katsina da Kano kuma kompaila, duk abu ɗaya ne. A cikin DWARF akwai jadawalin layuka, wanda ke cewa wannan adireshin na layi kaza ne a fayil kaza, akwai sunayen fankishin, wato gungun umarni mai suna da ake kira ya yi wani aiki, akwai nau'in kowane abu da inda yake zaune. Ƙa'idar DWARF ta faɗi yadda za a rubuta bayanin, amma a wurare da yawa ba ta tilasta abin da za a rubuta ba. Kowane kompaila da halinsa. Saboda haka gwajin da ya ce "tako ɗaya gaba, ya kamata mu tsaya a layi na 12" abu biyu yake aunawa a lokaci guda, dibaga da kompaila. Wanda ya sayi buhun hatsi a wata kasuwa ya zo ya auna shi da tiyar wata kasuwar, in ya ga bai cika ba, sai ya fara sanin ko buhun ne ya gaza ko tiyar ce ta fi girma.

Ga abin da muka tarar. Wasu sun faɗi ne a kan bakan rufe fankishin, wato alamar `}`. In fankishin ya ƙare da `return` guda ɗaya, GCC yakan ɗora umarnin fita a kan layin bakan rufewa, sai dibaga ya tsaya a can kafin ya koma wurin mai kira. Clang kuwa yakan bar su a kan layin `return` ɗin, babu tsayawa a baka. Babu mai laifi a nan. Wasu kuma a kan sunan nau'i ne: GCC na rubuta `long unsigned int`, Clang na yanzu na rubuta `unsigned long`. Shi ma ba laifin kowa ba ne. Amma akwai wani rukuni da shinge, wato alamar da ke sa dibaga ya tsaya a wani layi, ya ƙi dasuwa sam, ka ce a tsaya a fayil kaza layi kaza, dibaga ya ce bai san wannan fayil ba. Wannan namu ne. A DWARF 4, lamba 0 a wurin fayil tana nufin babu fayil, ƙidaya daga 1 take farawa. DWARF 5, wanda ya fito a 2017, ya mayar da 0 lambar babban fayil. GCC 11 ya koma DWARF 5 tun 2021, amma yana maimaita babban fayil a lamba 1 kuma da ita yake aiki, sai kurenmu ya kwanta bai motsa ba. Clang 14 da 0 ɗin yake aiki kai tsaye. Da na bar ƙanena ya shafa musu alama guda, da mun bar jaki muna dukan taiki, mu binne kurenmu da hannunmu.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗaure tarin gwajinka da kompaila guda, siga guda, a cikin kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen akwatin manhaja da ke ɗauke da duk kayan aikinsa, ka ce da wannan kaɗai ake gwaji. Tana da daɗi: ja na nufin ka ɓata wani abu, kore na nufin ba ka ɓata ba, babu gardama. Sai dai a nan garin tana da tsada ta wani ɓangare. Kwantenar GCC ta hukuma ɗaruruwan megabayit ce wurin saukewa, ta kuma haura gigabayit ɗaya in an warware ta, kuma wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya san abin da hakan ke nufi, balle a ɗauke wuta ana tsakiyar saukewa. Sannan dibaga ba ya sakewa a cikin kwantena sai an buɗe masa ƙofa: wani lokaci yana bukatar izinin `SYS_PTRACE`, kuma matatar tsaro ta Docker na hana shi kashe rikita adireshi, wato sauya wa shiri mazauni duk lokacin da ya tashi, har GDB, sanannen dibagan nan, kan yi gargaɗi a kan hakan. Waɗannan duk ana magance su. Abin da ba ya maganuwa shi ne makanta. Ɗaliban da ke amfani da dibaganmu ba a cikin kwantenarmu suke ba. Wani Debian 12 gare shi da GCC 12, wani Ubuntu 24.04 da GCC 13 da Clang 18, wani kuma yana nan da tsohuwar Ubuntu 20.04 da GCC 9 saboda kwamfutar ba ta ɗaukar fiye da haka. Kuren lamba 0 ɗin nan, a ƙarƙashin ɗauri, sai ɗalibi ne zai gano mana shi ranar jarrabawa.

Hanya ta biyu ita ce wadda ƙanena ya nema, kuma ita ce hannu ya fi saurin kaiwa gare ta: ka tambayi sunan kompaila da lambar sigarsa, ka raba hanya. Manyan ma suna yi. GDB, wanda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986, yana gudanar da gwajinsa da wata manhajar gwaji mai suna DejaGnu, kuma a cikin fayilolinsa na `.exp` za ka yi ta cin karo da `test_compiler_info` da `setup_xfail`. LLDB, dibagan aikin LLVM da ya haifi Clang, yana da makamancinsa a gwajinsa na Python, `skipIf` da `expectedFailureAll`, inda ake ba da sunan kompaila da iyakar siga. Akwai wani abu da GDB ya yi daidai wanda ya kamata kowa ya ara. Ya raba faɗuwar da aka sani gida biyu: XFAIL ga matsalar da ba ta GDB ba ce, ta kompaila ce ko ta tsarin da ake gudu a kai, da KFAIL ga kuren GDB da kansa, wanda ake haɗa shi da lambar rahoton kuren. Wannan rabo yana tilasta ka ka amsa tambayar buhu da tiya kafin ka sa alama.

Amma suna ba hali ba ne, kuma a nan hanyar take yaudara. GCC 11 na Ubuntu da GCC 11 da ka gina da kanka daga tushe lamba ɗaya gare su, hali daban. Na Ubuntu yana gina shiri mai iya zama a kowane adireshi ba tare da ka nema ba, sai ka ga adireshi ya fara da 0x555555554000 a ƙarƙashin dibaga maimakon 0x400000 da aka saba gani a injin x86-64, irin na yawancin kwamfutoci. Tun Ubuntu 19.10 kuma yana dasa umarnin `endbr64` mai bayit 4 a farkon fankishin, abin da ya taɓa rikita yadda dibaga ke gane inda shimfiɗar fankishin, wato umarnin share fage na farkonsa, ta ƙare. Clang na Apple yana da nasa lissafin siga wanda bai yi daidai da na LLVM ba. A C++, Clang a Linux yakan tsallake cikakken bayanin wani nau'i in yana zaton za a rubuta shi a wani fayil, alhali a macOS da FreeBSD yana rubuta shi duka, sai ka sa `-fstandalone-debug` kafin su daidaita. Wani lokacin ma ba kompaila ba ne ya sauya. Daga glibc 2.34 na 2021, wato tarin fankishin na C da shirye-shiryen Linux ke dogaro da shi, in ka bi jerin kira har ƙasan `main` za ka ga `__libc_start_call_main`, wanda da babu shi. Wane sunan kompaila ne zai gaya maka wannan?

Sai kuma tsufa. Alamar da ka sa yau tana nan bayan shekara biyar. In ka rubuta "duk Clang", ka rufe ƙofa har abada, ko da an gyara abin a siga ta gaba. In ka rubuta "Clang 14 kaɗai", ranar da 15 ya zo sai jan ya dawo ka sake bin sawu daga farko. DejaGnu yana da XPASS don gwajin da aka zata zai faɗi sai ya wuce, amma a gaskiya mutum nawa ne ke tsayawa karanta layin da ba ja ba? Ni ban hana wannan hanya gaba ɗaya ba. Tana da wuri guda da ta dace: kure na gaske a wata siga ta kompaila, wanda ka tabbatar da idonka ta hanyar `readelf` ko `llvm-dwarfdump` cewa bayanin da aka rubuta ƙarya ne, ba bambancin hali ba. A nan ka sa alama, ka rubuta dalili a gefenta, ka sa iyaka sama da ƙasa.

Akwai kuma sassauta raga, wato ka rubuta abin da kake jira a yalwace yadda amsa biyu za su shiga. Ga adireshi wannan dole ne, babu mai hankalin da zai kafe lambar adireshi a gwaji. Ga sunan nau'i ma babu laifi ka karɓi rubutu biyun. Ga lambar layi kuwa, maimakon kafe 12, gara ka sa wata ƴar alama a cikin sharhin shirin gwajin ka nemo layin da ita, kamar yadda `gdb_get_line_number` ke yi. Iyakarta ke nan. Da zarar ka fara cewa "ko layin `return`, ko na baka, ko na mai kira, duk na yarda", idanun ragar sun yi faɗin da babu kifin da za ta riƙe. Dibagan da ya tsallake layi bisa kuskure zai wuce ta ciki yana murmushi.

Hanyar da na fi so ga gwajin da ke amfani da kompaila mai rai ita ce auna hali. Gani ya kori ji. Kafin a fara gwaji, ka gina wani ɗan shiri mai layi huɗu ko biyar da kompailan da ke gabanka, da tutocin da za a yi aiki da su, ka duba abin da ya fito. Shin akwai shigarwa a jadawalin layuka don bakan rufewa? In akwai, gwajin ya jira tsayawa a baka, kuma ita kaɗai zai karɓa. In babu, ya jira komawa wurin mai kira, ita kaɗai. Amsa ɗaya ce a kowane hali, ragar ba ta yi faɗi ba, kuma ba ka ambaci sunan kowa ba. Ranar da Clang ya sauya hali, ko wani sabon kompaila ya shigo, gwajin zai bi shi ba tare da ka taɓa komai ba. A tarin GDB akwai irin wannan, `have_epilogue_line_info`, kuma ana adana amsar don kada a yi ta sake ginin a kowane gwaji.

Tana da tarko guda, kuma na faɗa cikinsa. Awon farko da na rubuta, dibaganmu na tambaya ko akwai layin baka. Wato wanda ake tuhuma shi na sa ya ba da shaida. In ya daina karanta wannan shigarwa saboda kure, zai ce babu, gwajin ya jira babu, komai ya yi kore. Na mayar da awon ga `readelf --debug-dump=decodedline`, wanda ba ruwansa da mu. Wahalarta ta biyu ita ce yawan aiki: kowane bambanci da nasa awo, kuma sai ka fahimci bambancin sosai kafin ka iya rubuta awonsa. Ni a wurina wannan riba ce, amma wanda ke da gwaji ja guda talatin da daren Lahadi ba zai ga haka ba.

Saura hanyar da ta fitar da kompaila daga zancen gaba ɗaya: ka daskarar da abin da dibaga zai karanta. Ko dai ka gina sau ɗaya da `gcc -g -S -dA`, ka ajiye fayil ɗin asembili, wato umarnin inji a rubuce, mai ɗauke da sharhi a kan kowane yanki na DWARF, ko ka rubuta DWARF ɗin da hannu. GDB yana da ƙaramin magini na DWARF da aka rubuta da Tcl, `Dwarf::assemble`, kuma gwaje-gwajen jakar `gdb.dwarf2` da yawa da shi aka yi su. LLDB na amfani da fayilolin `.s` da `yaml2obj` tare da FileCheck. Ga kuren lamba 0, wannan ce maganinsa na dindindin. Muka ajiye fayil biyu ƙanana, ɗaya DWARF 4 ɗaya DWARF 5 mai aiki da fayil na 0, kuma yanzu ko a kwamfutar da ba ta taɓa ganin Clang ba gwajin yana gudu, ba intanet, ba saukewa, cikin ƙiftawar ido. Haka kuma ita kaɗai ke ba ka damar gwada abin da kompaila na yau ba ya fitarwa: bayanin da ya yanke a tsakiya, tsohon salo na DWARF 2, ko wani karkataccen abu da wata tsohuwar siga ta taɓa rubutawa wanda har yanzu yana cikin shirye-shiryen mutane.

Kuɗinta uku ne. Asembili na x86-64 ba ya gudu a injin ARM. Karanta shi sai mai haƙuri, kuma wanda ya gaje ka zai yi maka addu'ar da ba ka so. Na uku, abin da aka daskarar ba ya kawo labari: ba zai taɓa gaya maka abin da GCC na baɗi zai yi ba. Akwai kuma jarabar gajarta hanya, a ajiye ginannen fayil kawai a ma'ajiyar aiki maimakon rubutu. Kada a yi. Babu mai iya duba abin da ke ciki, kuma duk wanda ya bi labarin manhajar matse fayil ta xz a Maris na 2024 ya san cewa a cikin fayilolin gwaji marasa karantuwa aka ɓoye ƙofar bayan da aka dasa.

Wani abu da ya ratsa duk hanyoyin da ke kiran kompaila mai rai shi ne shirye-shiryen gwajin kansu suna ruɓewa. Clang 16 a 2023 da GCC 14 a 2024 sun mayar da kiran fankishin da ba a gabatar ba kuskure mai tsayar da gini, alhali da gargaɗi ne. GCC 15 a 2025 ya koma C23 in ba a ce masa komai ba, inda `bool` da `true` da `false` suka zama kalmomin harshe, baka biyu marasa komai a ciki, wato `()`, kuma suka koma nufin fankishin ba ya karɓar komai. Tsohon shirin gwaji da aka rubuta da sakaci sai ya ƙi ginuwa. Haɗarin shi ne wannan ba ya fitowa ja. A DejaGnu yakan fito a matsayin UNTESTED ko UNSUPPORTED, adadin FAIL ya tsaya yadda yake ko ma ya ragu, kai kana murna. Don haka ka faɗi `-std=gnu11` ko wanda kake nufi a fili, ka faɗi `-O0` da sigar DWARF a inda suke da tasiri, kuma ka riƙa kwatanta jerin waɗanda suka wuce jiya da na yau, suna da suna, kamar yadda masu GDB ke kwatanta `gdb.sum` biyu. Wannan kwatanci ba ya yiwuwa sai sunan kowane gwaji ya zama nasa shi kaɗai, babu adireshi ko sunan jaka a cikinsa.

To wanne za ka ɗauka? In dibaganka na cikin gida ne, na wata na'ura guda da kompailanta guda wanda ba a sauyawa, ɗaure shi ka huta, sauran duk ɓata lokaci ne a gare ka. In kuwa mutane ne za su kawo maka duk abin da ke kwamfutarsu, ka duba kowane gwaji ka tambayi kanka abin da yake son tabbatarwa. Wanda ke tabbatar da cewa dibaga ya karanta wani tsari daidai, a daskarar da shi. Wanda ke tabbatar da abin da mai amfani zai gani in ya dasa shinge ya taka, a bar shi da kompaila mai rai, a auna hali. Irin na biyun ba sa bukatar yawa, kuma su ne masu cin lokaci da data.

Mu haka muka raba. Daskararrun suna gudu a kwamfutar kowa kafin ya tura gyara. Masu rai kuma muna gudanar da su a gida da GCC da Clang ɗin da ke kwamfutar, sauran sigogin mun bar wa GitHub Actions, wanda kyauta ne ga aikin da ke buɗe ga kowa, injinansu su yi saukewar, mu mu karanta sakamako a waya ko da wuta ta tafi. Alamun XFAIL da suka rage mana ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kowace da dalilinta a rubuce.

Makon da ya wuce ƙanen nan nawa ya sake zuwa fada, wannan karon da ƴar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi a aljihu, wani ya kawo masa daga Kano. Ya ce, "Yaya, daskararrun nan duk sun ƙi ginuwa a kansa." Na sani, ARM ne. Muka yi shawara a kan abu biyu: ko mu ajiye tagwayen kowane fayil, ɗaya na x86-64 ɗaya na ARM, ko mu rubuta ƙaramin magini da Python irin na GDB, wanda zai bar kompaila ya gina umarnin inji, mu kuma mu rubuta DWARF ɗin a kan alamomin da muka dasa a cikin shirin. Na biyun muka zaɓa, don jadawalin layuka da bayanin nau'i ba su damu da irin injin ba, lambobin rijista da bayanin warware jerin kira ne kawai za mu rubuta sau biyu. Shi ya ɗauki jadawalin layuka, ni na ɗauki sauran.